Hancina Da Zoɓon Mama Saratu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je gaida mahaifiyar budurwata Rahila a unguwar Woolwich ba. Har yau in abin ya faɗo mini ina cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, sai in runtse ido in ce "kash!" da ƙarfi, Baturen da ke kusa da ni ya ɗan janye jakarsa.

Sai na fara gaya muku aikina, in ba haka ba za ku ɗauka taɓin hankali ne ya same ni ranar. Ina aiki ne a wani gidan cin abinci na Faransawa a tsakiyar Landan, ɓangaren ruwan inabi. (E, giya. Na ji abin da kuka ce a ranku, ku dai bari in gama.) Ni ɗan Wusasa ne, na tashi a gidan da in aka ji warin burkutu a rigarka sai an tara dangi da dattawan coci a kanka. Karatu ya kawo ni ƙasar nan, neman na haya ya kai ni kicin ɗin mutanen nan ina wanke kwanuka, daga baya aka ɗaga ni zuwa kai abinci tebur. Wata rana an tsiyaya wa wani baƙo jan ruwan inabi zan kai masa, sai na ce wa ogan sashen, wani siririn Bafaranshe mai suna Pascal, ni fa abin nan warin jiƙaƙƙen kwali nake ji yana yi. Ya karɓa ya sunsuna, ya dube ni sama da ƙasa, ya sa aka buɗe wata kwalbar. Washegari ya ce hancina ya fi ƙarfin ɗaukar faranti, in biyo shi.

Ɗanɗana ruwan inabi tsari gare shi, kuma Pascal ba ya yafe wa wanda ya tsallake ko ɗaya. Ka riƙe kofin ta siririyar ƙafarsa don kada tafin hannunka ya ɗumama shi. Ka karkata shi a kan farin ƙyalle ka dubi launinsa. Ka jujjuya shi ya sha iska, ka zura hanci har ciki. Ka kurɓi kaɗan, ka ja iska ta tsakanin haƙora har sai ta yi ƙara, ka kurkure baki da shi. Daga nan sai ka juya dama, inda kullum ake ajiye wani ɗan bokitin ƙarfe, ka tofar. Ba a haɗiyewa, don wanda ya biye wa haɗiya kafin a yi nisa harshensa ya mutu, shi ma ya fara ganin mutane bibbiyu. Tofarwar nan ce ta kwantar mini da hankali. Na gaya wa kaina, na kuma gaya wa Ubangiji, ni ba mashayi ba ne, mai tofarwa ne. (Galibi dai.)

Inda na sha wuya shi ne sunayen ƙamshi. Pascal zai sunsuna ya lissafo 'ya'yan itatuwan da ban taɓa gani ba tunda aka haife ni, ni kuwa sai na koma gida na nemo nawa. Jan ruwan inabin yankin Burgundy in ya kwana biyu a kwalba, ƙamshin ƙasa yake yi bayan ruwan farko. Jan Bordeaux, ɗinya ce da sabon fensirin da aka feƙe. Farin Chablis ruwan sabuwar randa ne aka ɗan matsa masa lemon tsami, Sancerre kuwa ɗanyar gwaiba sak. Da haka nake gane su, kuma ba na kuskure sosai. Abu ɗaya ne ya gagare ni, wani baƙin ɗan itace da Turawa ke kira blackcurrant, wanda Pascal ya rantse yana nan a duk jan Bordeaux na kirki. Na sunsuna har kaina ya yi ciwo ban ji shi ba. Da ya gaji da ni, sai ya je kanti ya sayo ruwansa na kwalba, irin wanda ake tsinka wa yara da ruwa, ya ce in riƙa sunsunawa kullum da safe kafin in wanke baki.

Duk wannan a kan wata jarrabawa ce da ya tura ni in yi, inda za a jera maka kofuna ba tare da ka ga kwalba ba, a ce ka faɗi mene ne, daga wane yanki. A makonnin nan ban da natsuwa ko kaɗan. Ba na iya zama wuri ɗaya. Shayi in jujjuya in sunsuna, koko in sunsuna, ruwan famfo ma bai tsira ba. Ran nan bayan sujada a coci aka miƙo mini lemo a kofin takarda, Rahila ta kama ni ina karkata shi a kan farar rigata ina duban launi.

"Kai, lafiyarka kuwa?" ta ce. "Please, ka bar mana wannan abin a wurin aikinku."

Rahila nas ce, ita nake nema da aure. Mahaifinta ya rasu shekarun baya, saura mahaifiyarta, Mama Saratu, shugabar zumuntar mata a cocinsu, mace mai fara'a wadda kowa ke shakka. Tun farko Rahila ta gaya mini a fili, in Mama ba ta sa albarka ba babu aure, ko da kuwa zuciyarta za ta fashe. "Ni kaɗai ta haifa," in ji ta. Ta san aikina sarai, amma ta ce kada in kuskura in ambaci inabi a gidansu sai an riga an ba ni ita. "Ka ce aikin otal kake yi. Ai ba ƙarya ba ne." Aka sa ranar Asabar, aka ce wan Mama, Kawu Bitrus, zai taso daga Tottenham musamman don ya gan ni.

Ranar na sa kaftani na cire, na sa kwat na cire, na koma kaftanin. Na fita da wuri har na rasa inda zan sa kaina. Na zagaya kasuwar Woolwich na sake zagayawa, na sayi doya da man ja na gaisuwa, na koma na canza doyar don na ga kamar tana da tabo. Ana sanyi ina gumi. Ina tafe ina maimaita gaisuwa a baki, rabin kaina yana gidan Mama, rabi yana can yana jera yankunan Burgundy daga arewa zuwa kudu.

Abin haushi, da farko komai ya tafi daidai. Na cire takalmi a ƙofar flat, na durƙusa har ƙasa na gaida su. Kawu Bitrus, dattijo mai farin gemu da muryar mai wa'azi, ya tambaye ni ɗan gidan wa ne a Wusasa. Ina faɗa ya tafa hannu, ashe ya san kakana, har ya taɓa shan bulalarsa a firamare. Ya tambayi aiki, na ce otal, ɓangaren kula da baƙi. Ya ce madalla, hidimar baƙi aikin lada ne. Mama tana ta murmushi tana ce mini "ɗana". Rahila ta leƙo daga kicin ta ɗaga mini babban yatsa. Na ce a raina yau kam na ci gari.

Aka kira mu tebur. An shimfiɗa farin ƙyalle tas, ga tuwon shinkafa da miyar taushe tana tururi. Da yake ni ne baƙo, Mama ta ajiye ɗan kwanon ƙarfe na wanke hannu a damata, ta ce in na gama in miƙa wa Kawu. Sannan ta je ta buɗe wata durowa mai gilashi a kusurwar falo, ta fito da kofunan gilashi masu dogayen ƙafafu, ta goge su ɗaya bayan ɗaya da gefen zanenta. Na ga Rahila ta dubi mahaifiyarta wani iri, amma ban kawo komai ba. Mama ta ɗauko jug ta tsiyaya mana zoɓo, ja wur, har da ɗan raɓar sanyi a jikin kofin.

"Yaro, yau za ka sha zoɓo," in ji Kawu. "Na Saratu ba irin na 'yan Landan ba ne. Daga Zariya ake aiko mata da ganyen, kuma ba ta sa masa komai na kanti. Duk bikin da ba ta yi zoɓo ba, ni ba na zuwa."

Ya yi addu'a, doguwa, har da 'yan gida da shugabannin ƙasa. Muna cewa amin ya gyara zama ya dube ni ido cikin ido.

"To, mun ji asalinka. Yanzu gaya mana da bakinka, me kake nufi da 'yarmu?"

Wannan tambayar na kwana biyu ina shirya mata amsa, amma a lokacin ta gudu ta bar ni. Duk hankalina ya tafi nemo ta, na bar hannuna ba mai tsaro. Shi kuwa hannun ya ga farin ƙyalle, ya ga kofi mai ƙafa, ya ga jan abu a ciki. Me kuke so ya yi?

Na ɗauki kofin ta ƙafa. Na karkata shi a kan ƙyallen Mama na ƙura masa ido. Na jujjuya shi. Na zura hancina ciki har gilashin ya taɓa goshina, na ja dogon numfashi, na kuma ja wani. (Ku da kuka tashi a gida kun san abin da ake nufi in an ba mutum abinci ya sunsuna. Ni ma na sani. Uwata ta taɓa marina a kan haka ina yaro.) Na kurɓa. Na ja iska ta haƙora, ƙarar ta cika falon kamar ana zuƙe ƙarshen fura da tsinke. Na kurkure kuncin dama, na kurkure na hagu. Sannan na juya dama, ga ɗan ƙarfe yana jirana a daidai inda ya kamata, na tofar da zoɓon Mama Saratu a cikin ruwan wanke hannu, tsaf, ko ɗigo bai fantsala ba. Pascal da ya gani da ya yi alfahari da ni.

Ruwan ya koma ja. Hannun Kawu yana miƙe, dama jira yake in ba shi kwanon.

Wayyo ni. Ina jin firij yana kuka a kicin. Rahila ta dafe kai da hannu biyu. Na nemi ƙasa ta tsage in shige, amma a hawa na uku muke.

Mama ce ta fara magana, a hankali, ba faɗa.

"Me na sa maka a ciki?"

"Mama, ba komai, Allah ya sani ba..."

"A'a, gaya mini. Ka duba, ka sunsuna, ka tofar. Guba na ba ka, ko asiri na yi maka don ka auri 'yata?"

"Mama, ki yi haƙuri, sabo ne. Aikina ne haka."

"Aikinka tofar da abincin mutane?"

Rahila tana girgiza mini kai, amma na riga na shiga ramin, ba wurin fita sai gaba. Na ce a otal ɗin ni ne mai ɗanɗana ruwan inabi kafin a kai wa baƙi.

"Giya," in ji Mama.

"Ba na haɗiyewa, Mama. Tofarwa nake yi."

Kawu ya janye hannunsa ya ɗora a gemu. "Tsaya in fahimta. Wato ka baro Wusasa, ka hau jirgin sama, ka zo ƙasar Turawa, ana biyanka albashi ka riƙa tofar da giya?"

Da ina da hankali da nan na tsaya, na durƙusa na yi ta ba da haƙuri. Amma mutum in ya rikice sai ya ga kamar ƙarin bayani ne zai cece shi. Na ce bari in nuna musu abin ba raini ba ne, girmamawa ce, a wurinmu abin da ya isa ne kawai ake yi wa haka. Na ce, "Mama, wannan zoɓon na manya ne. Na ji citta, na ji kanumfari, na ji ɓawon abarba an dafa shi tare, ba daga baya aka zuba ba." Na ga fuskarta ta ɗan saki. Sai farin ciki ya kwashe ni, don a bayan harshena akwai wani ƙamshi da nake ta nema wata da watanni, yau ga shi ya zo da kansa. Na ɗaga murya kamar wanda ya ga ɗan'uwansa a tasha.

"Har da blackcurrant! Irin na kwalba ɗin nan da ake tsinka wa yara, an ɗan zuba kaɗan a ƙarshe. Shi ya ba shi wannan zaƙin!"

Rahila ta taka mini ƙafa har sai da na ga wuta. Kawu ya juya a hankali ya dubi ƙanwarsa.

"Saratu? Dama na kanti..."

Mama ta miƙe ta tattara kofunan nan, da zoɓon a cikinsu, ta shige kicin ta turo ƙofa. Kawu ya yi gyaran murya ya ce in tafi, za su neme ni. Tuwon ko loma ban kai ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba na fata maƙiyina ya gan su. Barci ya ƙi, abinci ya ƙi. In waya ta yi ƙara in zabura, in ga Pascal ne yana tambayar inda na ajiye mabuɗin sito. (Da na ba shi labari ya yi dariya har ya zauna a kan kwali, da ya farfaɗo kuma abin da ya fara tambaya shi ne ko ɗanɗanon zoɓon yana daɗewa a baki. Faransawa ke nan.) Na yi jarrabawar, na ci, ban ji daɗin komai ba. Rahila tana ɗaukar wayata amma muryarta a sanyaye. Na ce me Mama ta ce? Ta ce, "Ba ta ce komai ba. Shi ne matsalar. Da ta yi faɗa da na san yadda zan lallashe ta." Na ce ke fa? Ta ce, "Ka san abin da na gaya maka tun farko." Na ajiye wayar, na san ba wasa take yi ba.

Da na ga zaman jira zai kashe ni, wata ranar hutuna na hau jirgin ƙasa na koma Woolwich ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Rahila tana asibiti wurin aiki. Mama ta buɗe ƙofa ta gan ni, ta juya ta koma kicin ba ta ce shigo ba, ba ta kuma rufe ba. Na bi ta na durƙusa a kan tayil. Na ce ban zo da bayani ba, bayani ne ya kashe ni wancan karon, haƙuri kawai na zo bayarwa.

Ta ci gaba da yanka albasa kamar ba ta ji ba. Gwiwoyina suka fara zafi. Can ta ajiye wuƙar.

"Maganar aikinka za mu yi ta, ba yau ba, kuma ba za ka ji daɗinta ba. Tonon asirin da ka yi mini a gaban Yaya ma na bar ka da Allah, ga shi nan kullum sai ya bugo waya ya tsokane ni." Ta goge hannu a zane. "Amma kofunan nan, baban Rahila ne ya saya mini shekarar da muka zo ƙasar nan. Tun ranar da muka binne shi ban buɗe durowar nan ba. Ranar na ce yau ɗa zai shigo gidan nan, bari in fito da su."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ni ina can ina auna launi da ƙamshi, ban ko lura da abin da matar nan ta ajiye a gabana ba. Kunyar tofarwar ma sai na ji ta zama ƙarama.

Ta buɗe firij ta ɗauko jug. Ta miƙa hannu can saman kanta ta zaro wani kofin roba, kore, mai hannu, irin wanda ake ba yaran Sande Sukul, bakinsa duk tabon haƙori. Ta cika shi fal ta miƙo mini ina durƙushe.

"Sha."

Na toshe numfashi don kada hancin nan ya ce zai sa baki. Na kafa kai ban sauke ba sai da na ga gindin kofin.

"Yaya ka ji?" ta ce.

Kalmomi suka taso mini, citta, kanumfari, tsami da zaƙi sun daidaita. Na danne su duka.

"Da daɗi, Mama. Na gode."

"To, ka gani? Iyakar abin da ake cewa ke nan." Ta karɓi kofin ta jefa a sinki. "Tashi, kada ka fasa mini tayil. Ka ce wa mutanenka su zo su ga Yaya."

An yi bikin, kuma maganar aikin da ta yi mini alkawari mun yi ta, ban ji daɗinta ba, har yau ma ba mu gama ba. Abin da na koya dai shi ne, hanci ma'aikaci ne, in an tashi daga aiki a sallame shi ya tafi gida, musamman in za a gidan surukai. Abin da aka miƙo maka da hannu biyu, ka haɗiye ka ce da daɗi.

A wurin aiki yanzu ni nake zaɓa wa manyan mutane abin da za su sha, su saurare ni suna gyaɗa kai. A gidan Mama kuwa, ranar Kirsimeti ana fito da kofuna masu ƙafa a jera wa kowa, har da Kawu, har da matata. In aka zo kaina sai Mama ta ajiye mini koren kofin roba, ta tsaya a wurin sai ta ga maƙogwarona ya motsa.